Megabait Goma Sha Shida na Farko

A shekarun da nake gyaran kwamfuta a Kazaure, babu aikin da ya gajiyar da ni kamar na wani dattijon tela a Babura. Yana da tsohon injin yin aiki a wuyan riga, wanda ya sayo daga hannun wani mutumin Nijar. Injin ba ya karɓar zane sai ta ƙaramin faifai mai kusurwa huɗu, irin wanda aka daina yayi tuntuni. A kwamfuta ake tsara zanen, a zuba a faifan, a kai wa injin.

Da safe komai lafiya. Amma da zarar an yi azahar, kwamfutar sai ta ƙi rubuta komai a faifan, ta ce ba ta da wurin ajiya. Sai ya kira ni, in hau babur in tafi.

Zuwana na farko na ƙara mata ƙwaƙwalwa, ninki huɗu na wadda take da ita. Bayan kwana biyu ya sake kira.

"Malam, ta koma halinta."

Sau uku ina zuwa ina canza abin da bai lalace ba. Sai da na zauna na yi karatu sannan na gane. Na'urar da ke karanta faifan tsohuwar ƙira ce, ba ta iya kaiwa ko'ina a cikin ƙwaƙwalwar sai megabait goma sha shida na farko. Cibiyar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, wadda ke raba wa kowane aiki wurinsa, dole a nan za ta samo wa na'urar fili, kuma a haɗe wuri guda. In an wuni ana aiki, sai filin ya tsattsage.

Na yi masa bayani a bakin shago, yana warware zare.

"To wadda ka ƙara fa?"

"Tana nan, Baba. Hannun na'urar ne ba ya kaiwa can."

Ya ajiye zaren. "Wato akwai, amma babu."

Na ce ya riƙa kashe kwamfutar yana kunnawa kafin ya zuba zane. Bai so ba, don tana daɗewa kafin ta tashi, ga masu kaya a tsaye. Daga baya na gyara tsarin yadda za a keɓe wa na'urar wurinta tun daga kunnawa. Ranar na dawo gida bayana kamar zai tsinke, ko tuwo ban iya ci ba.

Mun samu kusan shekara ba kira. Sai kuma faya-fayan da kansu suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Na tambaya a Kano, na tambaya a Roni wurin wani tsohon ma'aikacin ofis da aka ce yana da ragowa. Ya ba ni guda biyar, biyu kawai suka yi.

Na gaya wa dattijon akwai wata 'yar na'ura da ake sa wa irin wannan injin a madadin faifai, sai dai a yi odarta daga waje, kuma ban tabbata za ta dace da nasa ba.

"Bar shi haka, Malam," ya ce. "Ni ma na gaji, kai ma ka gaji."

Ya sa aka kawo mini fura, na sha. Muka kama injin tare muka matsar da shi jikin bango, don a samu wurin shimfiɗa yadi.