Ɗamarar Awon Kaka a Hannun Jika

Na daɗe ina ɗaga rubuta wannan, don karatuna a firamare ya tsaya, kuma ina tsoron in faɗi maganar lafiya ba daidai ba, wata ta ɗauka ta yi aiki da ita.

Surukata tana da hawan jini, shi ya sa muke da na'urar awo a gidanmu a Unguwar Sanusi, ni ce kuma mai ɗaura mata ɗamarar na'urar a hannu. Na haddace cewa ɗari da ashirin bisa tamanin shi ne lafiya. Wata rana 'yata, tana shekara huɗu, ta ce kanta na ciwo. Na naɗa mata ɗamarar kakarta, sai da ta kusa zagaye hannun sau biyu. Na'ura ta nuna tamanin bisa hamsin. Gabana ya faɗi, don a sanina in an ce jini ya yi ƙasa, to jinin ne ya kusa ƙarewa a jiki. Na yi ta ɗura mata malt da madara da ruwan ganyen ugu da ake cewa yana ƙara jini, har ta koma gudu in ta ga kofi.

A asibiti muka samu wata nas 'yar kudancin Kaduna, kowa Sista yake ce mata. Ta saurare ni har ƙarshe. Ta tambayi sana'ata, na ce ɗinki.

"To, Hajiya tela, kin taɓa sa wa jika rigar kaka ki ce awo ya yi?"

Ba ta yi gaggawa ba. Ta bar yarinyar ta yi wasa da robar da ake matsawa a hura ɗamarar awo har tsoro ya sake ta, ta auna tsayinta, sannan ta ɗauko wata 'yar ɗamara da ba ta kai faɗin tafin hannuna ba. Ta ce babbar ɗamara kan rage lamba, kuma lambar yara dama ba ta kai ta manya ba, ana duba ta ne da shekaru da tsayi. Yawan jini kuwa wani gwaji ne daban. Ta leƙa cikin idon yarinyar, ta ce lafiyarta lau, in bar kofin nan ya huta. Na sa ta maimaita, ta maimaita ba tare da ta ɓata fuska ba.

Yanzu an canza mata wurin aiki, yarinya kuma sai tsayi take yi. Don Allah wanda ya sani a cikinku ya sanar da ni: a shekara nawa yaro ke komawa lambar manya?