Kafar Iskar Gidan Siasi

"Wa ya cire?"

"Ni na cire."

"To, mayar."

"Ba zan mayar ba. Ki dubi bangon nan, ya yi baƙi kamar gindin tukunya. Shi muke shaƙa dare da rana."

"Inna, ki kiyaye ni da sassafen nan."

"Ke za ki kiyaye ni, 'yata. Tun da na haife ki ba kya jin magana."

Wani ya tuntsire da dariya daga cikin bargo, aka ce ya rufa wa mutane baki. Daga nan sai tari. Busasshe ne, mai zurfi, kamar ana jan zarto a cikin ƙirji. Bai gama sauka ba wani tarin ya hau kansa, mai kauri da hayaniya, ya danne shi.

Ina tsaye a ɗakin girkina da butar shayi a hannu. Bango ɗaya ya raba ni da falon Siasi, falle biyu na katako, ko cokali ya faɗi a can sai na ji. Wadda ake ce wa Inna ita ce Ulayu, jikar gidan, shekarunta goma sha biyar. Wadda ake ce wa 'yata ita ce Siasi, ta ba saba'in baya. A wurinmu duk jaririn da aka sa wa sunan mamaci, shi ne mamacin ya dawo. Ulayu sunan mahaifiyar Siasi ta ci, don haka uwa ce, kuma tun tana zanin goyo tsohuwar ke tsugunawa ta tambaye ta ko ta yi barci lafiya.

Abin da suke wa faɗa kuwa kafar iska ce. Gidajen da hukuma ta gina mana duk suna da ita: rami a saman bango da 'yar fanka a ciki, tana fitar da tururi da numfashin mutane waje. Siasi ta cusa guntun fatar barewa a tata, ta bi da tsohuwar safa, ta manne da leda. Mutum goma sha ɗaya ke kwana a ɗakuna biyu da falo. Ana dafa nama a buɗaɗɗiyar tukunya, ana shanya rigunan farauta a kan igiya, tagogi na zubar da ruwa kamar masu kuka. Funfuna ta fara daga bayan kujera, ta hau bango, ta kama rufi.

Duk wanda ya tambaya, amsarta ɗaya: sanyi. Kafar na hura mata sanyi a wuya.

Wannan amsa ita ta hana ni sakat, domin na san Siasi. A tanti aka haife ta, a bakin teku, nan ƙasarmu ta ƙanƙara a ƙarshen arewacin duniya, kafin a tara mu a wannan gari. Har bara tana bin 'ya'yanta kamun kifi, ta zauna a kan ƙanƙara yini guda tana jan ƙugiya, babu safar hannu. Haƙoranta sun cinye har dasashi saboda taunar fata ta yi laushi kafin ɗinki, don babu mai ɗinka takalmi kamarta. Ruwa ba ya ratsa ɗinkinta. Ita ce ke yi wa matasa ba'a in sun ƙara wutar ɗumama ɗaki, ta ce an mayar da su kifin gwangwani. Wannan matar ce iskar da ba ta kai numfashin kare ba za ta dama?

Tana da shekara shida jirgin ruwan likitoci ya zo. A lokacin, kowace bazara yake zuwa. A kwashe mutane a kwalekwale, a hau da su, a haska ƙirjinsu. Wanda aka ga tabon tarin fuka a huhunsa ba ya saukowa, ko sallama ba ya yi. Siasi ta hau riƙe da gefen rigar uwarta, ta sauko riƙe da hannun wata goggo. Uwar na can saman jirgi da faifan lamba a wuya, irin wanda hukuma ta rataya wa kowa don sunayenmu sun fi ƙarfin bakinsu. Ba wasiƙa, ba gawa, ba kabari. Siasi ta girma, ta yi aure, ta haifi bakwai, ta binne miji. Duk shekara in ƙanƙarar teku ta narke sai ta je gaɓa ta tsaya. Ranar da aka haifi jikarta mace ita ta karɓe ta da hannunta, ta leƙa fuskar, ta ce, "Kin daɗe." Tun daga ranar ba ta sake zuwa gaɓa ba.

Da hantsi na shiga gidan. Mu ba ma ƙwanƙwasa ƙofa. Zafi ya mare ni, da warin danshi irin na tsumman da aka manta a bokiti. Ulayu ta tafi makaranta. Siasi na zaune a ƙasa ta miƙe ƙafafu, tana yanka daskararren kifi da wuƙarta mai siffar jinjirin wata.

"Ga 'yar leƙen asiri," in ji ta. "Kunnenki bai gaji da bangona ba? Zauna ki ci."

"Goggo, na ji ana tari."

"Ni ce. Tsufa ne. In kin kai za ki ji." Ta yi tarin ta nuna mini, har da dukan ƙirji.

"Biyu na ji."

"Kunne biyu gare ki, shi ya sa."

Na ɗaga kai na dubi bango, na ga har an mayar da ledar. Ita ba ta ɗaga ba, amma wuƙar ta tsaya.

Da na fito sai na zaga bayan gidan, na tsaya ƙarƙashin bakin kafar daga waje. A nan na gane. Bakin yana kallon 'yar hanyar da ke zuwa asibitin gari. Kullum da safe Miali, ma'aikaciyar lafiyarmu, ta nan take wucewa, taku uku daga bangon. Kafar da ke fitar da tururi tana fitar da sauti. Na yi lissafi a raina: sanyi ya shigo tun wata uku da suka wuce, amma ba a toshe ramin ba sai makonni shida da suka wuce, satin da yarinyar ta fara tari. Ba sanyi Siasi ke hanawa ya shigo ba. Tarin take hanawa ya fita. Kuma duk sanda Ulayu ta yi, sai ta ɗora nata a kai, don maƙwabta su ce tsohuwa ce.

Kwana biyu bayan haka Ulayu ta tare ni a bakin kanti. Rigar sanyinta ta yi mata yawa, alhali a farkon shekara ta matse ta.

"Anti, kin ji mu ran nan?"

"Duk layin ya ji ku."

"Ke nake so ki ji. Me ya sa kike zaton na jawo ta har jikin bangonki?" Ta zaro wata takardar goge hanci daga aljihu, ta buɗe, ta rufe da sauri. Ja ne a ciki, ya daskare. "An koya mana a makaranta. Iska, funfuna, cunkoso, duk na haddace, har na ci jarabawar. Ƙannena huɗu ke kwana a katifata."

"To me ya hana ki zuwa asibiti? Ga shi can, ko minti biyar ba a yi."

Ta dube ni kamar ni ce yarinyar. "In na tafi da ƙafata, uwarta ce ta sake tafiya ta bar ta. Ba za ta tashi ba. Amma in zuwa aka yi aka ɗauke ni, ta san yadda ake jure wannan. Ta taɓa yi."

Zan so in ce a ranar na je wurin Miali. Ban je ba. Kwana tara na yi ina sauraron tari biyu ta bango. Na ce wa kaina ina girmama babba. Gaskiyar ita ce garin ƙarami ne, kuma wanda ya kai wa hukuma maganar gidan wani, sunan na bin sa har jikoki. Siasi ce ta ɗinka takalman aurena. Ina tsoron ranar da zan shiga gidanta ta ƙi ce mini zauna ki ci. A kwana na tara 'yata ta goye ta yi tari sau ɗaya a bayana, ƙila ƙura ce kawai. Kafin awa guda ina ofishin Miali. Ba don Ulayu na je ba, kuma na san da haka.

Muka zo da tsakar rana, lokacin da sama ke yin ja na ɗan lokaci kafin duhu ya dawo, don a tsakiyar sanyi rana ba ta fitowa a wurinmu. Miali ta sa takunkumi, tana riƙe da jaka cike da 'yan gwangwanayen karɓar kaki, goma sha ɗaya. Ta yi abin da ba ma yi: ta ƙwanƙwasa.

Aka daɗe. Sai ƙofar ta buɗe, tururi ya yi tsalle waje kamar an sako dabba. Siasi ta cika bakin ƙofar duk da ƙanƙantarta. Ba ta dubi Miali ba. Ni ta duba.

"Goggo," in ji Miali, "yanzu ba kamar da ba ne. Yawanci a nan gari ake shan maganin. Sai in ya yi nisa ake hawa jirgin sama, kuma ana dawowa."

"Ya yi nisa?" in ji Siasi.

Sai Ulayu ta fito daga bayan kakarta, duk muka ga fuskarta a hasken. A hannunta akwai fatar barewa da safa da leda. Can ciki fanka ta fara juyawa, tana ƙara kamar mai ciwon haƙori.

"'Yata, matsa in wuce," in ji ta a hankali. "Zuwa suka yi. Ba ni na kira su ba."

Siasi ba ta matsa ba sai da ta ja hular rigar sanyin Ulayu ta rufe mata kai, ta ɗaure igiyar a haɓa, ta sunkuya ta gyara mata bakin takalmi. Sannan ta kama hannun Miali, wanda ke riƙe da biro, ta matse har na ga yatsun sun yi fari.

"Ki rubuta sunanta daidai," ta ce. "Ulayu. Wancan karon lamba suka rubuta, shi ya sa ba su san gidan da za su mayar da ita ba."