Itatuwan da Mai Adda Ba Ta Dasa Ba

Mai Adda ake ce mata, don tun tana amarya ba a ganinta a hanyar gona sai da adda a kafaɗa. Ba ta da fara'a, ba ta kuma taɓa neman kowa ya so ta ba. Mijinta ya yanka mata gefen gonarsu ta gado, wani tsandauri da ko akuya ba ta tsayawa a kansa, ya ce ta yi abin da za ta iya. Sharaɗi ɗaya dangin mijin suka kafa mata: ta shuka abin da ake girbewa, amma kada ta dasa itace. Wanda ya dasa itace gobe sai ya ce ƙasar tasa ce, ita kuwa aure ne ya kawo ta.

Ba ta dasa ba. Sai dai ta daina sare tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututturai. In kututture ya yi toho goma, ta bar biyu masu ƙarfi, ta sassabe sauran, ta kewaye da ƙaya. Shekara talatin da ɗaya tana wannan aikin. Tsandaurin ya koma kurmi, tsamiya da kanya da maɗaci, itace ɗari da arba'in. Da 'ya'yan itatuwan nan da busassun rassansu ta ciyar da 'ya'ya mata huɗu har ta aurar da su.

Mijin ya rasu da damina. Kafin kaka ta tarar da ƙanensa, Dogo, yana zagayawa da wani mai gawayi, suna auna gindin itatuwa da hannu.

"Dogo, me kake nunawa a gonata?"

"Gonarki? Matar yaya, a ka kika ɗauko ta ranar da aka kawo ki?"

"Ranar da aka kawo ni kana yawo ba wando, majina har baki. Ni na dinga yi maka wanka."

"To an gode da wanka. Ƙasar ubana ce."

Ta kai ƙara ofishin filaye. Ɗaki ɗaya ne, benci biyu, fanka da ba ta juyawa, da wani akawu mai biro uku a aljihu. Ya saurare su yana hamma, sannan ya ce doka ta ba mace duk itacen da ta dasa da hannunta, ko a ƙasar wa yake.

"Iya, amsa ɗaya nake so. Kin dasa?"

Dogo ya kwashe da dariya. "Tambaye ta dai. Sau uku tana rantsuwa a gaban yayana cewa ko tsinke ba ta dasa ba."

Babbar 'yarta, wadda ta rako ta, ta taka mata ƙafa a ƙarƙashin benci. Waɗanda aka yi rantsuwar a gabansu duk sun mutu, in Mai Adda ta ce "e" kawai, magana ta ƙare. Mai Adda ta janye ƙafarta.

"Ban dasa ba. Renonsu na yi."

"Babu gurbin reno a takardar nan, Iya."

"To takardarka ba ta san itace ba."

Ya rubuta "a'a", ya buga hatimi. A hanyar gida 'yar ta ce, "Inna, gaskiyarki ta cinye mu." Mai Adda ta ce ta rufe mata baki ko ta koma gidan mijinta.

Ranar Litinin Dogo da masu gawayi suka iso da injin yankan itace, suka same ta zaune a gindin babbar tsamiya, adda a cinya.

"Iya, tashi kada reshe ya faɗo miki," in ji mai gawayin.

"Ya faɗo mana. Kai za ka yi bayani."

Mutumin ya ja Dogo gefe, ya ce shi itace ya saya, ba gawa ba. Suka fara daga ɗaya ƙarshen. Da hantsi matan gari suka ɓullo, ta ɗauka taya ta zama suka zo yi, ashe rassan da aka zubar suka zo kwasa. Wata har ta gaishe ta da damin itace a ka. Mai Adda ta kau da kai.

Kwana goma sha ɗaya tana riga su zuwa, ba ta tashi sai sun kashe inji. Ruwa ma ba ta sha da rana, don kada fitsari ya tashe ta. Hayaƙin ramukan gawayi ya mai da idonta jajir. Kullum Dogo sai ya zo ya tsaya a kanta.

"Za ki gaji, tsohuwa."

"Da wannan tumbin naka? Kai za a riga ɗauka."

Ranar ƙarshe mota ta cika. Abin da ya rage shi ne tsamiyar da wasu shida da ke kewaye da ita, waɗanda ba za a kayar ba sai sun danne Mai Adda. Mai gawayin ya ce ba zai ɓata kwana a kan itace bakwai ba, ya tattara yaransa ya tafi.

Dogo ya ce zai kawo wasu masu gawayin. Shekara huɗu ke nan yana faɗa. Ita kuma a gindin tsamiyar take yini, ta kai tabarma da tulu. In ka bi ta wurin ka gaishe ta, sai ta duba abin da ke hannunka kafin ta amsa.