Minti Goma da Aka Hana Goggo Taɓa Rauta

Da na dawo gida bayan shekarun karatu, na ɗauka in har zan rubuta labarin wani a danginmu, to sai wanda ya yi abin a zo a gani. Ban zaci zan tsaya a kan akwatin roba mai ƙaho biyu da fitilu huɗu ba, abin da a can inda na zauna ake turawa bayan kujera a manta da shi. Har yanzu ban tabbata rauta ta isa a yi mata labari ba. Amma Goggo, yayar mahaifina, ta isa, kuma ba a iya faɗin yadda take rayuwa a 'yan shekarun nan a tsallake wannan akwatin da ke kawo mata intanet.

Shekara ashirin da bakwai Goggo ta yi a ɗakin haɗa waya na wani babban asibiti, tun zamanin da duk mai son magana da ɗakin haihuwa sai ya bi ta hannunta. Allo ne a gabanta mai ramuka da ƙananan fitilu, ga igiyoyin waya masu kan ƙarfe a jere. Fitila ta kama, ta soka waya a rami, ta tambayi lamba. In layi ya cije, magani ɗaya ta sani, kuma bai taɓa ba ta kunya ba: a zare, a ƙirga goma, a mayar. Bayan ta yi ritaya da shi ta riƙa gyara rediyo da talabijin, har da firjin maƙwabta. Takan ce da a ce an halicci mutane da filogi, da rabin rigimar danginmu ba ta kai ko'ina ba.

Tun rasuwar mijinta take zaune ita kaɗai a ɗaki da falo, hawa na biyu, can bayan wani dogon gini inda sabis ɗin waya ba ya shiga sai mutum ya sauka ƙasa. Gwiwarta ta hagu ba ta shiri da matakala. Babban ɗanta, wanda ke zaune a ɗaya gefen garin, ya daɗe da gyara mata ɗaki a gidansa, kusa da kicin, ya yi masa sabon fenti, har da kujera mai jingina. Goggo ta je ta gani sau ɗaya. Ta ce ɗakin ya yi kyau, Allah ya kawo wanda zai zauna a ciki.

Da aka gaji da jayayya sai aka yi yarjejeniya. Autarta, ma'aikaciyar jinya a wani gari mai nisa, za ta kira ta ta bidiyo kullum ƙarfe huɗu, ta ga idonta, ta ga kwalin maganinta. Ranar da aka kira ba a same ta ba, yayan autar zai zo da mota ya kwashe Goggo. An riga an kira ba a same ta ba sau ɗaya, ranar da barcin rana ya ɗauke ta, kuma da ƙyar aka yafe. An gaya mata a gaban kowa cewa na biyu ba yafiya.

Don haka rautar ba bayan kujera take ba. Tana kan teburin falo, a kan ƙyalle mai ado, kusa da hoton marigayi. Goggo ta san fitilunta fiye da yadda ta san haƙoranta. Kowace safiya tana goge mata ƙura, kuma duk sanda ta ga tana neman yin gardama, sai ta zare filogi, ta ƙirga goma, ta mayar.

Sai ga shi kusan mako biyu maganin ya daina ci. Ana cikin magana hoton ya daskare, Goggo ta tsaya a wayar autar baki a karkace, ido ɗaya a rufe. Ita kuwa autar aikinta ke nan, ganin masu shanyewar jiki. Sau uku tana sa uwarta ta ɗaga hannu biyu sama, ta yi murmushi, ta faɗi ranar mako. A na ukun Goggo ta faɗi ranar, ta haɗa mata da ranar da aka haife ta da awannin da ta yi tana naƙudarta.

A ƙasan ginin akwai shagon wani mai gyaran waya, dattijo mai furfura a gemu da gajeren haƙuri. Goggo na kiransa Injiniya, shi ma ya san ba don girmamawa ba ne. Ya hau ya duba, ya ce rautar lafiyarta ƙalau, manhajar cikinta ce ta tsufa, wato umarnin da masu ƙera ta suka zuba mata tun daga masana'anta, kuma sun fitar da sabuwa tun bara. Goggo ta ce shekara huɗu suna tare ba ta taɓa jin rautar ta yi ƙorafin tsufa ba. Ya ce ita ma Hajiya ai ba ta yi, amma 'ya'yanta sun gani. Ta sha mur, ta ce ya zo gobe.

Ya zo ƙarfe uku da kwamfutarsa a hammata. Ya haɗa ta da rautar da waya, ya shiga shafin saitinta, ya danna maɓallin sabuntawa. Wani layi ya fara cika a hankali. A daidai nan aka ƙwala masa kira daga ƙasa, wata mai waya ta zo karɓa kuma ba ta da niyyar jira. Ya miƙe, ya tsaya a bakin ƙofa, ya yi bayani dalla-dalla kamar mai barin wasiyya. Minti goma ne. Fitilu za su yi ta ƙyaftawa, za su yi ja, za su mutu, za su dawo. Duk wannan aikinta take yi. In wuta ta yanke mata a tsakiya, tsohuwar manhaja ta goge, sabuwa ba ta gama zama ba, akwatin ya zama dutse.

"Hajiya, komai kika gani, kada ki taɓa filogin nan."

"Ka gama? Tun kana tsumma nake harka da waya."

"Shi ya sa nake faɗa."

Ta zauna a gaban teburin, ta ɗora agogon hannunta kusa da rautar. Minti biyun farko ba laifi. A na uku fitilu huɗun suka fara ƙyaftawa tare, abin da ba su taɓa yi ba. Ta haɗe hannuwanta a cinya. A na biyar layin kwamfutar ya tsaya a wuri ɗaya, ya ƙi gaba. Ta tashi ta zuba ruwa a kofi, ta dawo ba ta sha ba. Duk tsawon aikinta fitila mai ƙyaftawa na nufin wani na can yana jira, wataƙila da mara lafiya a hannu, kuma ba a taɓa kawo ƙararta cewa ta bar fitila ta yi ta kira ba. Ta san wannan ba waccan ba ce. Kanta ya sani sarai. Ta zauna a kan hannunta na dama.

A minti na takwas fitilu uku suka mutu, ɗaya ta yi ja.

Daga baya ta ce ba ta tuna sanda ta miƙa hannu ba. Ta dai tsinci kanta filogi a hannu, tana ƙirge, har ta kai bakwai. Tunda an riga an zo nan, ta ƙarasa goman, ta mayar.

Fitila ɗaya ta kama, ja, ba ƙyaftawa, ba motsi. Ƙarfe uku da kwata.

Mai gyaran ya hawo yana haki, ya dubi kwamfuta, ya dubi rautar, ya dubi Goggo. Ita kuma tana gyara zaman hoton marigayi. Ya tambaya ko an ɗauke wuta. Ta ce ita dai ba ta lura ba. Ya ɗaga kai ya kalli fanka tana juyawa abinta, ya daɗe yana kallonta.

"Goma kawai na ƙirga," in ji Goggo.

Ya zube a kan kujera. Ya ce shekara ashirin yana wannan sana'a, ya ga wanda ya busar da waya a tukunya, ya ga wanda ya wanke ta da sabulu, amma duk cikinsu ba wanda ya tsaya ya yi wa huɗuba kafin ya aikata. Ta ce in ya gama wa'azin, ƙarfe huɗu na zuwa. Ya ce ta sauko shagonsa ta amsa kiran da intanet ɗinsa, zai riƙe ta a matakala. Goggo ta dube shi kamar ya ce ta fita ba mayafi. Ta ce ranar da autarta ta hango ta a shagon mutane, cikin matattun wayoyi, tana roƙon layi, ran nan ko takalminta ba za a bari ta ɗauka da kanta ba. A kujerarta za a gan ta, ko kada a gan ta.

Ya ja tsaki mai tsawo, ya ce akwai hanya ɗaya, ba kowace rauta ke yarda ba. Sai ya sauka ya sauke manhajar daga intanet a shagonsa, sannan a tura mata ita ta igiyar waya kai tsaye. Ya tafi. Minti ashirin da biyar ya yi, domin sau biyu yana ɗauko ta wani samfurin, sai da ya sake hawowa ya kifa akwatin ya karanta lambar da ke ƙasansa. Goggo ta ce da ya tambaye ta da ta faɗa masa, ta haddace ta. 

Akwai wani ɗan rami a bayan rautar da maɓalli a can ciki. Dole a danne shi da abu mai tsini, a riƙe ba sassautawa, yayin da ake mayar da wuta. Ya gwada da tsinke, tsinken ya karye. Goggo ta zare fil daga ɗankwalinta, ta ture shi gefe. Soka ƙarfe a ƙaramin rami ba abin da za a koya mata ba ne. Ta danne, ya sa filogi, ta riƙe har jan fitilar ya fara ƙyaftawa a hankali. Ya ce ta saki. Shafi ya buɗe a kwamfuta. Ya tura, layi ya fara cika. Huɗu saura minti huɗu.

Wani minti goman ke nan. Wannan karon bai je ko'ina ba. Ya ja kujerarsa ya zauna tsakaninta da bango, ya rufe soket ɗin da bayansa. Ta ce wannan cin fuska ne a cikin gidanta. Ya ce ƙwarai kuwa. Ƙarfe huɗu ta yi, ta wuce. Wayarta na kan tebur shiru, ita kuwa ta san a can wani gari ana ta kira, an gaji, an kira yayan. Ta san har inda yake ajiye makullin mota. Da fitilar ta sake yin ja, ta juya kujerarta ta fuskanci taga, tana karanta sunayen jikokinta ɗaya bayan ɗaya.

Huɗu da minti bakwai fitilu suka dawo kore. Wayar ta ƙi haɗuwa, domin rautar ta manta sunanta da kalmar sirrinta, ta koma kamar ranar da aka sayo ta. Sai da ya sake saita komai, Goggo na tsaye a kansa tana gaya masa bai iya sauri ba. Huɗu da minti goma sha tara fuskar autar ta fito, ido jawur. Kafin ta buɗe baki Goggo ta ɗaga hannu biyu sama, ta yi murmushi, ta ce yau Laraba.

Suna cikin magana aka ji takun yayan a matakala, bibbiyu yake haɗawa. Ya shigo da makulli a hannu, ya tarar da uwarsa a kujerarta, hoto tangaran ba ya ko gezau. Ya tambayi mai gyaran abin da ya faru. Mutumin ya naɗe wayarsa a hankali, ya ce manhaja ce ta tsufa, an sabunta, irin wannan aikin yakan ɗauki lokaci.

"Ƙarya yake yi maka don ya rufa min asiri," in ji Goggo. "An ce kada in zare, na zare. Ni na ɓata, kuma da hannuna aka gyara. In a kan minti goma sha tara za ka kwashe ni, ga ni."

Yayan ya tsaya yana juya makulli. Autar daga cikin waya ta ce ita dai ta ga Umma, kuma yau ne karon farko cikin mako biyu da ta gan ta da baki a daidai. Aka daɗe ana magana, mai gyaran na ta neman hanyar fita ana tare shi da tambaya. A ƙarshe ba a kwashe Goggo ba. Amma washegari yayan ya dawo da tsani, aka kafa wa rautar katako can kusa da silin, aka ja mata soket nata a sama, inda ko da sanda Goggo ba za ta kai ba. Ƙyallen ado ya rage a tebur shi da hoton marigayi. Ta yi kwana uku ba ta amsa gaisuwar ɗanta da fiye da kalma biyu.

Na je gaishe ta bayan wata guda. Muna zaune, na ga tana ɗaga kai lokaci-lokaci tana duban fitilun, wuya a tanƙware. Na tambaye ta, yanzu da filogin ya fi ƙarfinta, me take yi in rautar ta cije.

Ta leƙa ƙofa, ta rage murya.

"Babban makunnin wutar gidan yana bayan ƙofar kicin. Shi ba su ɗaga shi sama ba. In kuma ka gaya wa yayanka, kai za ka koma ɗakin nan nasa, ba ni ba."