Lanƙwasar da Yaya Lawal ya sa da hannunsa

Da azumin bana Yaya Lawal ya cika shekara goma sha biyar da rasuwa, Allah ya jiƙansa. Amma in na tuna shi, ba gadon asibiti nake gani ba. Wata 'yar ƙara nake ji: moɗa tana kankarar gindin randa, Inna na neman ruwan alwalar la'asar, babu.

Lokacin ba a daɗe da samun 'yancin kai ba. Muna zaune a Dutsin-Ma, ina firamare, shi kuwa yana ajin ƙarshe na sakandare, ya zo hutu. Ya leƙo daga zaure ya tambayi Inna dalili. Ta ce rijiyar unguwa ce ta ƙi shayuwa, tun da wani ɗan kwangila ya fara gini kusa da ita. Leburorinsa a bakinta suke kwaɓa, ruwan siminti da laka yana komawa ciki. Kowa ya sani, amma mutumin yana da faɗa a ji a gari, kuma shi ya taɓa gyara bakin rijiyar, saboda haka aka yi shiru ana zuwa nesa ɗiba.

Yaya da abokansa ɗalibai suna da wata jarida ta hutu, shafi guda, da suke bugawa da tafiretan wani malaminsu su liƙa a bango ranar kasuwa. A cikin gajerun labarai ya sa layi ɗaya: "Unguwar gabas: dan kwangila ya bata rijiya." Haka ya fito, don tafiretan na Turawa ne, ba shi da haruffanmu masu lanƙwasa.

An ce da farko da aka karanta wa mutumin, murna ya yi, ya ɗauka an ce ya ba unguwa rijiya. Sai da ya ga 'yan kasuwa na ƙunshe dariya ya gane. Ya kai ƙara gaban alƙali cewa an ɓata masa suna. Makaranta kuma ta aiko cewa in aka sami Yaya da laifi, kada ya dawo, ga jarrabawar fita ta kusa.

A zamanin lauya ba ya shiga kotun alƙali, ko da muna da halin ɗauka. Abin da muke da shi Kawu Bala ne, ƙanin Inna, wanda ya daɗe yana aikin rubutu a kotu kafin ya koma gona a Kurfi. Ya zo a kan kekensa, ya sha fura, ya sa aka kawo masa shafin. Ya daɗe yana kallon layin nan, sai ya yi dariya.

"Lawal, Allah ya so ka. Ka ce ya ba ta rijiya kake nufi. Ai ya gyara bakinta. Ba mai iya kama ka."

Inna ta ce, "Alhamdu lillahi! Ka ji ko, ɗan nan?"

Yaya ya sunkuyar da kai. "Kawu, in na ce haka, mi za mu sha?"

Ina tsaye da tsintsiya, na ga fuskar Inna ta canza. Kawu bai yi masa faɗa ba, bai kuma yaba masa ba. Ya ce hanyar farko ba ta buƙatar kowa, ta biyu kuwa aiki ce, don gaskiyar da ba ta da shaida a kotu surutu ce. Ya tambaye shi ko ya je ya gani da idonsa, ko kuwa a bakin mata ya ji. Yaya ya ce a bakin Inna ya ji. Kawu ya ce, "To ɗan jarida, sa takalminka." Suka je rijiyar tare. Suka bi gida-gida har suka sami dattawa biyu da suka yarda su yi magana, ɗaya makiyayi ne da shanunsa suka ƙi ruwan. Kawu ya koya wa Yaya ya amsa abin da aka tambaye shi kaɗai, kada ya zagi mutum, kada ya ƙara ko gishiri.

Mu mata ba mu je kotu ba. Inna ta wuni a kan buzu da carbi. Kawu ne ya ba mu labari, cewa alƙali da kansa ya ɗaga shafin ya ce, "Yaro, wannan ba ta ne ko ɓata?" Yaya ya roƙi alƙalami, ya lanƙwasa kan harafin a gaban kowa. Ba a ba Kawu izinin magana ba. Ya dai zauna dab da shi, gwiwarsa na taɓa tasa. Shaidu suka yi bayani, aka kori ƙarar, aka sa a yashe rijiya.

Yaya ya koma makaranta ya yi jarrabawarsa. Jaridar kam daga nan ta mutu, malamin ya kulle tafiretansa don tsoro. Yaya bai zama ɗan jarida ba, malamin makaranta ya zama har ya yi ritaya. Amma duk ɗalibin da rubutu ya ja wa kira zuwa ofishin shugaba ko na 'yan sanda, sai ka ga Yaya ya zura babbar riga ya bi shi, ko bai san uban yaron ba.

Yau yara a waya suke rubutu, kuma ina jin labarin waɗanda ake ɗauka daga ɗakin kwanan makaranta saboda layi ɗaya. Nakan tambayi kaina me zai ce. Na san ba zai fara da tafi ba. Zai ce, "Ka je ka gani?" In yaro ya ce e, to ya sami abokin tafiya. Lauyoyi sun yi yawa yanzu, alhamdu lillahi, amma ɗalibi nawa ne ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa kafin tsoro ya sa ya janye maganarsa?

Bai bar gidaje ba, bai bar suna a jarida ba. Jikarsa Hauwa'u ya bari, tana wurina, tana cikin ƙungiyar 'yan jarida ta makarantarsu. Kwanan baya ta rubuta cewa rufin ajinsu na yoyo a kan littattafai, aka ce ta zo ranar Litinin da wani babba daga gida. Hankalina ya tashi. Na ce mata ni tsohuwa ce, ban san doka ba, ban iya magana gaban manya ba, bari a nemo namiji. Ta ɗauko mayafina ta ɗora mini a cinya.

"Hajiya, ai ba sai kin yi magana ba. Ni zan yi. Ke dai ki zauna kusa da ni."