Ranar da Mijinyawa Wanzami Ya Bar Kawuna Rabi-Rabi

Mahaifina, Mijinyawa wanzami, bai taɓa shiga aji ba, bai taɓa riƙe ko da sarautar mai unguwa ba. Amma har yau in dattawan Mandera suka zauna hirar yadda aka fara yi musu lambar agana, da sunansa suke farawa, kuma kafin a kai ƙarshe sai wani ya riƙe ciki don dariya.

Ɗan gajeren mutum ne, ga baki kamar an kunna rediyo. A Shagari yake zaune, yana cin kasuwa biyu, ta Shagari da ta Bodinga, da zabirarsa a rataye. In ya kama kanka, kafin ya sake ka sai ka ji labarin wanda ya sayi jaki da wanda jaki ya kayar. Fuskarsa kuwa duk zanzana ce. Agana ta shiga gidansu yana ɗan shekara tara, ta ɗauke 'yan'uwansa mata uku cikin wata guda, ta bar shi daga shi sai yayansa Mode. Wannan ne kaɗai labarin da ban taɓa ji ya bayar a rumfar aski ba.

Ni ce 'yar farinsa. Ana yaye ni aka kai ni Mandera, gidan Bappa Mode, kamar yadda aka saba. Sunan kakata aka sa mini, wato uwar su biyun, don haka Bappa ba ya iya faɗarsa, sai ya ce Uwani, kowa ma ya bi. Babana kuwa ko Uwanin ba ya cewa. Kunyar ɗan fari a wancan zamani ba wasa ba ce. Mutumin da ke hira da jakunan mutane, in na shigo rumfa sai ya sunkuyar da kai ya kama wasa aska. In dole ta kama, sai ya ce "ta gidan Yaya". Ina yarinya na ɗauka ba ya sona, kuma abin ya ci mini rai ƙwarai.

Shekarar da aka sami 'yancin kai ina da shekara shida. Sanƙira ya yi ta shela cewa gwamnatin Jihar Arewa ta ce kowa ya ba da hannu a yi masa lamba, babba da yaro. Mai yin ta a wajenmu wani dattijo ne, Malam Maniru, da ke zuwa daga Bodinga a kan keke, da ɗan akwati a baya. Bappa Mode ya ce shi dai ba a gidansa ba. Har horo ya yi mana: da jin ƙararrawar keke, kowane yaro ya faɗa rumbu. Sau biyu Malam Maniru yana zuwa Mandera, sau biyu yana tarar da gari ba yara, sai awaki.

Da bazara aka ji agana ta ɓulla a wani ƙauye can yamma. Mahaifiyata, Asabe, ta gaya mini daga baya cewa tuwo ma ya daina wuce wa babana. Ga 'yarsa a hannun mutumin da ya rantse ba lamba, ga shi ba shi da bakin cewa a yi mata. Ƙane ya ce wa yayansa ga yadda za a yi da yarinyar da ya ba shi? Kuma 'yar fari? Ai da ya zama abin nuni a kasuwa biyu.

Ran kasuwar Bodinga Malam Maniru ya zo aski. Abin da suka ƙulla ba wanda ya ji, an dai ga askin ya daɗe fiye da kima, ga shi kan Malam ba wani gashin kirki.

Kasuwar Shagari ta zagayo. Bappa ya ɗoro ni a kan jaki tare da buhunan albasa, ya sauke mu gindin wata bishiyar bedi, ya nufi rumfar ƙanensa shi da abokansa huɗu, duk masu gida a Mandera. Babana ya tarbe su da fara'a, ya karɓi hulunansu wai kada sabulu ya ɓata su, ya cusa ƙarƙashin buzun da yake zama. Ya kama kan Bappa ya aske ɓangaren dama tas, sai ya matsa ga na kusa.

"Mijinyawa, mi aka jira?" in ji Bappa. "Ka yi min rabi ka tahi ga kan wani?"

"Haƙuri, Yaya. Gashin wanga gehe na da tauri, bari shi jiƙa."

Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana zuba labari, har ya jera dattawa biyar, kowanne rabin kai na ƙyalli, rabi da kumfa. Sai ga ƙararrawar keke.

Kasuwa ta watse. Masu daddawa suka bar ƙwarya, wani mahauci ya tsallake teburinsa. Ni ban ga rumbu ba, na kutsa tsakanin buhunan albasa na lafe, ina leƙe ta wata kafa. Bappa ya zabura zai tashi, ya shafa kai, ya koma ya zauna. Magidanci mai mata biyu da surukai a cikin kasuwar nan, ya ruga da rabin kai ba hula? Da har ya mutu yara na yi masa waƙa.

"Hulata! Ina hulata?"

"Ga ta nan ƙarƙashina, Yaya, ba ta zuwa ko'ina."

"To ƙarasa min askin ga, shaƙiyyi!"

"Askata ta dakushe. Ba ta ci sai Malam ya gama nashi aiki."

Malam Maniru ya jingine keke, ya yi sallama kamar bai ga komai ba, ya buɗe akwatinsa. Bappa ya yi ta faɗa, har ya ce ba shi ba ƙanensa. Babana ya bari ya huce, sannan ya ce, "Yaya, kai da nika kahwa ma ƙaho duk shekara, in yi ma tsaga arba'in ga baya, ko motsi ba ka yi. Ɗan ƙarcen ga na kaka tsoro?" Abokan Bappa suka fara ƙunshe dariya. Sai muryar babana ta sauka. "Dubi huskata. Wa yaɗ ɗauki Rabi zuwa kushewa? Kai na, Yaya. Ni ina kwance ban san inda kaina yake ba."

Rabi ita ce autarsu. Bappa ya naɗe hannun riga ya kau da kai, ya runtse ido kamar za a sare hannun. Malam ya ɗan ƙarce shi ya ce an gama.

"Ke nan?" Bappa ya buɗe ido. "Wanga abu na munka yi ta ma gudu?" Sai fushinsa ya juya kan sauran jama'a. "Tunda anka yi min, wallahi ba wanda za shi tsira!"

Ya miƙe da rabin kansa, ya manta da zancen hula, ya shiga kasuwa yana zaƙulo mutanen Mandera daga bayan rumfuna. Mutane suka riƙa fitowa don su ga kan Mode, in sun zo dariya sai su tarar da kansu cikin layi. Ni kuwa ba Bappa ne ya gano ni ba. Hannun da ya janye buhun albasa yana ƙanshin sabulun aski. Ashe tun saukarmu idon babana na kaina.

Ya kawo ni gaban Malam ina tsala ihu, ya ajiye ni kusa da Bappa da ya dawo rumfa ke nan, ya ja baya. Malam ya ɗauki alƙalami.

"Mi as sunanta?"

"Uwani," in ji Bappa.

"Sunan yanka nika so, Malam Mode. Shi aka rubutawa."

Bappa ya buɗe baki ya rufe. Sunan uwarsa ne, ba zai fita ba. Ni kaina a lokacin ban san ina da wani suna ba. Abokan Bappa na kallon juna, kowa na jiran wani ya taimaka.

"Safinatu," in ji babana. Ya durƙusa ya riƙe mini dantse da hannunsa. "Rubuta Safinatu, ɗiyar Mijinyawa."

Ban ji ƙarcen ba sam. Na daina kuka ina kallon fuskar nan mai zanzana, daɗi ya cika ni har ban san abin da zan yi da shi ba.

Agana ba ta shiga gidanmu ba, a shekarar ko bayanta. Bappa ya yi kasuwa biyu ba ya gaisawa da ƙanensa, a ta uku ya dawo aski, amma da hularsa a cikin aljihu, ya dafe ta da hannu har aka gama. Babana ya yi shekara ashirin da wani abu yana aski bayan nan, ya koma wa kunyarsa kamar ba a yi komai ba. Har ya bar duniya ni ce "ta gidan Yaya".

Tabon yana nan a dantsena na hagu. In jikokina suka taɓa shi suka ce, "Kaka, me ya same ki a nan?" sai in ce musu a nan ne babana ya kira sunana.