Tantabarar da Ta Raba Maigidana da Bindiga

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da yinin da maigidana ya yi harbinsa na ƙarshe ba. Kafin ranar kuwa, ba ni da damuwar da ta kai wannan harbin nasa. A lokacin muna zaune a unguwar Hindawiyya a Makka, cikin ɗan ɗakin da aka haɗa da buhuna da gwangwanayen kananzir. Ina da goyo, ga babbar ba ta daɗe da fara tafiya ba. Ta Sudan muka zo a ƙasa, kuma duk faɗin Makka ba mu da kowa sai Baffan maigida, wanda ya riga mu zuwa da shekaru. Duk ranar da maigida ya ce zai fita harbi, sai in shiga zullumi. Ba tsoron harsashi kaɗai ba. Tunanina shi ne, in wani abu ya faru a can, ko akuyar wani ce ta faɗi, wa za a fara kamawa? Baƙo, Takari, kamar yadda ake kiran irinmu a nan, wanda ba shi da mai tsaya masa. In aka tafi da shi, ni da yaran nan sai wa?

Shi ɗan maharbi ne daga ƙasar Katsina. Tun yana ƙarami yake bin mahaifinsa daji. A Makka kuwa aikinsa ɗaura kayan alhazai a kan raƙuma tsakanin Jidda da gari. Kuma kowa ya sani, cikin iyakar Harami ba a farauta, ko tsuntsu ba a firgitawa. A wajen aikin ya yi aboki, wani Balaraben ƙauye mai raƙuma, wanda yake da tsohuwar bindiga a tantinsa can bayan iyaka, wajen Tan'imu. In alhazai sun watse, aiki ya yi sauƙi, sai maza su taru a wurinsa su yi abin da suke kira nishan, wato a kafa abu a nesa a ga wa zai same shi. Maigidana mutum ne mai shiru, sai ya yini bai ce uffan ba. Amma in ya dawo daga nishan, tun daga bakin lungu nake jin waƙarsa. Ya shigo yana warin albarushi, ya saɓa yarinya a wuya, ya yi ta zagaya ɗaki da ita.

Baffa bai taɓa son abin ba. Wata rana bayan la'asar ya zo, ya ƙi zama, ya ce, "Kai yaro, ƙasar Allah ka zo ko dajin ubanka? Hannun maharbi ya saba da jini."

Maigida ya durƙusa ya ce, "Baffa, ƙashi muke harbi da duwatsu. Ba rai."

"Yau ƙashi."

"To na yi maka alkawari, ranar da harsashina ya taɓa mai rai a ƙasar nan, na ajiye ke nan har abada."

Baffa ya dube ni ya ce, "'Yata, kin ji." Na ce na ji.

Bayan wata biyu ko uku aka shirya gela, wato fita yini a jeji da abinci, har da mata da yara. Maigida ya ce, "Ke kullum sai dai ki ce in bari, ba ki taɓa gani ba. Zo ki gani sau ɗaya. In kin gani kin ce in bari, sai mu zauna mu yi magana." Na dafa shinkafa, na goya jaririya, muka hau jakin haya. Duk tsawon hanya ina shirya yadda zan ce masa ya bari.

A wurin akwai fararen alamomin dutse da ke nuna inda Harami ya ƙare. Mu muna ta bayansu. Kwarin da suka saba harbi a ciki, ranar an tarar da wata mata tana kiwon awaki a can, don haka suka juya suka fuskanci gari, suka zaɓi wani faffaɗan dutse da ke can gaba da alamomin. Wani tsoho ya ɗan yi gunaguni, aka ce masa ai ƙashi ne za a ɗora. Mu mata muka zauna a inuwar tanti, muna leƙe ta gefen zane.

Da farko ƙashin kafaɗar raƙumi aka kafa, fari fat. Kusan kowa ya same shi. Sai aka sauya da finjalin gahawa, nan aka fara faɗuwa. Mai raƙuman ya harba, ƙura ta tashi can gefe, maigida ya ce masa, "Ya ahi, ɗan'uwana, dutsen ba abin da ya yi maka, finjalin ake nufi." Shi kuma ya ce, "Zo ka nuna mana, ya Takaruni, ko a garinku da baki ake harbi." Aka yi ta dariya.

Da aka zo kan maigida, na ga mutumin da ban sani ba. Bai yi gaggawa ba. Ya kunna ashana ya turara ɗan ƙarfen saiti da ke bakin bindigar har ya yi baƙi, don kada rana ta haska shi. Ya ɗebi ƙasa ya saki, yana kallon inda iska ta kai ta. Sannan ya kwanta rub da ciki, ya ɗora bindigar a kan sirdin raƙumi, ya manna kuncinsa. Daga inda nake ina ganin bayansa yana ɗagawa yana sauka, sai ya tsaya cak. Ban ga yatsansa ya motsa ba, sai dai finjali ya watse. Aka kawo ƙwai, wanda ni ko ganinsa ba na yi daga nan sai ɗan ɗigon fari. Shi ma ya fashe. Matar mai raƙuman ta dafa gwiwata ta ce, "Mashallah, mijinki ne?" Na ce mijina ne. Shekarun da muka yi a garin nan, kullum kansa a sunkuye ƙarƙashin kayan wani. Ranar na ga Larabawa suna matsa masa wuri. A raina na ce, in mun koma gida zan ce masa ya ci gaba.

Sai suka ce a ƙara ƙwai ɗaya, a matsar da shi nesa. Ya sake kwanciya. Numfashinsa ya tsaya kamar ɗazu. Daidai nan wata tantabara ta tashi fir daga bayan dutsen. Na ga bakin bindigar ya ɗaga ya bi ta. Ƙara ta tashi, gashi ya watsu a sama, tsuntsuwa ta faɗo. Ƙwan na nan zaune inda aka ajiye shi.

Samari suka fara ihun yabo, don ba su taɓa ganin an harbo tsuntsu yana tashi da irin wannan bindigar ba. Tsohon nan ne ya ɗaga sandarsa ya nuna fararen alamomin, ya ce, "La haula." Tantabarar a cikin Harami ta tashi, a ciki ta faɗi.

Maigida ya daɗe a kwance. Da ya tashi ya miƙa wa abokinsa bindigar da hannu biyu, ya taka har can ya ɗauko tsuntsuwar, ya naɗe ta a mayafinsa. Abincin da na dafa ko taɓawa bai yi ba. A hanyar dawowa na ce, "Malam, ai ba da gangan ka yi ba." Ya ce, "Gyara goyonki, kanta ya karkace."

Washegari muka je wurin Baffa. Na zaci zai ce ai ya faɗa. Bai ce ba. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Tunkiya za ka yanka ka raba wa talakawan Harami, shi ke nan abin da ke kanka. Alkawarin da ka yi mini kuwa, na yafe. An ba ni labarin ƙwan. Ka koma, amma ku riƙa juya wa gari baya."

Ni ma na sa baki, abin da ban taɓa yi a gaban Baffa ba. Na ce, "Malam, ka ji an yafe."

Maigida ya ce, "Baffa, ba alkawarin ne ya hana ni ba. Wallahi ban san lokacin da na harba ba. Ƙwai nake kallo. Hannun ne ya tafi, bai tambaye ni ba. In da yaro ne ya ɓullo da gudu daga bayan dutsen fa?"

Maigida ya yanka tunkiyar, na taya shi rabo. Mai raƙuman ya zo har ƙofarmu yana kiransa, ya sake zuwa, yana cewa nishan ba daɗi tunda ba mai kayar da shi. Maigida ya ba shi shayi, suka yi hirar raƙuma, ya raka shi bakin lungu. Daga baya motoci suka karɓe aikin raƙuma, ya koma ɗaukar ruwa a gari, har ƙarfinsa ya ƙare. Mun yi zaman lafiya, bai taɓa barin mu da yunwa ba. Amma yaran da na haifa bayan nan sun tashi suna cewa babansu ba ya dariya, kuma in na ce musu ba haka yake ba da, sai su ɗauka wasa nake.

Ban ce ya yi kuskure da ya bari ba. Shi ya san hannunsa. Abin da ke ci mini rai shi ne, duk shekarun da ya yi yana wannan abu da ya iya fiye da kowa, sau ɗaya tak na gan shi. Sauran ranakun ina ɗaki ina zullumi. Na koyi cewa tsoro yana iya hana mutum ganin wanda yake kwana ɗaki ɗaya da shi.

Mai karatu, ga roƙona. Ka yi wa maigidana addu'a, yana kwance a ƙasar nan ta Makka. In kuma akwai wani a gidanku da yake da ɗan abin da ke faranta masa rai, wanda bai saɓa wa Allah ba, ka tashi ka je ka gan shi yana yi tun yana yi.